Hannun Daman Malam Sada

Shekara goma sha huɗu Malam Sada ya yi yana buga tafireta a wata ma'aikatar gwamnati a Katsina, ba a taɓa maido masa da takarda saboda kuskure ba. Ya kuma iya rubutun gaggawa, irin na alamomi da ake kama maganar mutum da shi tun tana fitowa daga baki. A zamanin soja babu mai neman wannan gwanintar, don umarni ake bayarwa, ba a muhawara. Da aka rantsar da gwamnatin farar hula a ƙarshen watan Mayun 1999, aka buɗe majalisar jiha, sai aka shiga cigiyar masu ɗaukar maganganun 'yan majalisa. Cikin mutum shida da aka zaɓa, sunansa ne na biyu. Ranar da takardar ta fito, matarsa Zulaihat ta toya waina ta rarraba wa maƙwabtansu a Ƙofar Kaura.

Bai cika wata uku a sabon aikin ba abin ya fara. Wata Laraba bayan sallar Azahar yana zaune a masallacin ofis, ya ɗora hannuwa a gwiwa, sai ya ga babban yatsansa na dama yana motsi shi kaɗai, yana gogar manuni kamar mai jan carbi. Ya zuba masa ido. Ya dunƙule hannun ya buɗe, motsin ya tsaya. Da ya mayar da shi kan gwiwa, can sai ya ci gaba.

Da wani mutumin ne, da sai ya ce gajiya ce. Shi kuwa Sada ya san wannan motsin. Ya gan shi a hannun yayarsa.

Safara'u ta girme shi da shekara huɗu. Tana da shekara talatin da ɗaya ƙafarta ta hagu ta fara lanƙwashewa in ta yi 'yar tafiya. Daga nan hannu ya kama rawa, jiki ya yi ta sandarewa, har fuskarta ta daina nuna fara'a ko fushi. Aka kawo ta gidansu na Ƙofar Durbi jinyar sati biyu, ga shi an shekara goma sha ɗaya ba ta koma ɗakinta ba. Babu abin da ba a yi ba: rubutun sha, turare, saiwoyi, masu ruƙiya har daga Funtuwa. Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne da sassafe, in ta tashi daga barci, takan iya takawa zuwa bakin rijiya da ƙafarta, amma kafin hantsi ta koma kamar itace. Wasu suka ce aikin iska ne, rana ke tayar da shi. Wasu kuma suka riƙa cewa a bayan idonta ai da gangan take yi.

Sada bai gaya wa kowa ba. Ya ba tela ya ƙara wa rigunansa zurfin aljihu. Ya koma riƙe carbi ko'ina, don in yatsa ya yi motsi a ɗauka tasbihi yake. In an kawo abinci a ofis sai ya ce azumi yake yi, saboda kada a ga loma tana rawa kafin ta kai baki. Zuwa Ƙofar Durbi da yake yi duk Juma'a ya mayar da shi wata-wata, sannan ya daina gaba ɗaya. Ba ya iya kallon Safara'u ana ba ta koko da ludayi. Mahaifiyarsu ta aiko sau biyu tana tambaya ko lafiya, ya ce aikin majalisa ne ya yi yawa.

Ya fi shekara yana wannan ɓoyon. In yana rubutu rawar takan lafa, wannan ne ya rufa masa asiri. Amma sannu a hankali hannun ya yi nauyi, kamar an jiƙa shi da laka.

Ranar da abin ya fallasa, ana muhawara ne a kan rijiyoyin burtsatse na ƙauyuka. Wani ɗan majalisa mai saurin baki ya miƙe ya yi minti goma sha biyar bai numfasa ba. Sada yana bin sa, gumi na zubo masa ta ƙasan hula. Da aka tashi ya koma ofis zai buga, ya buɗe littafin, sai ya ga layukan farko ras suke, amma kowane layi ya fi na samansa ƙanƙanta, har a ƙasan shafin alamomin sun dunƙule kamar tururuwa ta mutu a jere. Shi da ya rubuta ya kasa karantawa. Shafi uku haka.

Shugabansu, Alhaji Babaji, ya leƙo yana tambayar aikin. Sada ya ce biro ne ya ba shi matsala, yana neman aron kaset ɗin da aka naɗa. Alhaji Babaji ya dubi littafin, ya dubi Sada, bai ce komai ba. Ya dai aiko da kaset ɗin. Wannan shirun ya fi damun Sada a kan a ce faɗa aka yi masa. A hanyar gida sau biyu yana tsayar da babur ɗinsa a gefen titi.

Washegari Asabar, da hantsi, yara sun tafi Islamiyya, Zulaihat ta ajiye tsintsiya ta zo ta zauna a bakin tabarmarsa. Ɗiyar ƙanin mahaifinsa ce, tare suka taso, ba ta iya kewaye-kewaye ba.

Ta ce, "Malam, fito da hannun nan daga aljihu."

Ya ce, "Wane hannu?"

"Wanda ka daina kaɗawa in kana tafiya. Tun bara nake leƙenka ta ƙofar zaure in ka fita. Na hagu yana tafiya, na dama yana manne da jiki. Na yi shiru ne ko za ka faɗa mini da bakinka."

Ya fito da shi ya ɗora a cinya. Su biyun suka zauna suna kallon yatsan yana aikinsa.

Ya ce, "Irin na Yaya ne. Shekarata talatin da tara, Zulai. Wa zai riƙe ku?"

Ta share ido da bakin zanenta, ta ce ita ba kuka ta zo yi ba. Wata maƙwabciyarsu ma'aikaciyar jinya ta ba ta labarin wani likita, Dakta Hamman, da ya daɗe yana aiki a Turai, ya dawo gida bayan sojoji sun sauka. Ciwon jijiya da ƙwaƙwalwa ya karanta, yana ganin mutane ran Talata.

Ta ce, "Kuma ba kai kaɗai za ka je ba. Da Yaya Safara'u za mu."

Ran Talata suka ɗauki hayar mota. Sai da mutum biyu suka cicciɓi Safara'u suka sa ta a ciki. Da suka zauna a bencin jira sai ta juyo da idonta a hankali ta kalli hannun ƙaninta. Maganarta ƙasa-ƙasa take fita, sai an kai kunne.

Ta ce, "Ashe abin da ya hana ka zuwa ke nan. Na zaci ƙyamata ka fara yi."

Sada ya sunkuyar da kai.

Dakta Hamman siririn mutum ne, fari, mai furfura a gefen kunne, Hausarsa da 'yar gargadar Fulatanci. Ya kusa awa guda a kansu. Ya sa Sada ya yi tafiya zuwa ƙofa ya dawo, ya lanƙwasa masa gwiwar hannu, ya sa shi ya rubuta sunansa sau goma. Ya duba Safara'u, ya tambayi shekarar da ta fara da gaɓar da ta fara. Da Zulaihat ta ambaci sauƙin da take samu da sassafe, sai ya ajiye biro ya ɗago.

Ya ce, "Iyayenku 'yan uwan juna ne?"

Sada ya ce, "'Ya'yan wa da ƙani ne."

Likitan ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ba iska ba ce, ba kuma da gangan take yi ba. Turawa suna ce wa ciwon Fakinsin. Yawanci tsofaffi yake kamawa, amma akwai wani iri da ke kama masu ƙuruciya 'yan gida ɗaya, shi nake zargi. Bari in yi muku bayani yadda za ku gane."

Ya jawo kujerarsa kusa da su.

"Jikin mutum da ƙananan ƙwayoyin halitta aka gina shi, waɗanda ido ba ya gani. Kowace ƙwaya tana ƙera wani abu da muke kira furotin, shi ne kayan aikinta. To furotin yana tsufa, wani ma tun wurin ƙira yake fitowa a karkace. Ba a barinsa ya zauna, don zai yi ɓarna. Ni a ruga na tashi. In saniya ta kamu da ciwo, mahaifina yakan ɗaura mata tsumma a ƙaho, kowa ya san za a fitar da ita daga garke. Haka ƙwayar take yi. Akwai mai ɗaura alama, akwai kuma wani abu kamar injin niƙa da ba ya karɓar komai sai mai alama. Ya niƙe shi, a sake ƙera sabo da abin da ya fito. Yanzu haka da muke magana ana wannan aikin a jikin kowannenmu."

Sada ya ce, "To mu fa, Likita?"

"Ku, ina jin mai ɗaura alamar ne ya zo da tangarɗa tun daga haihuwa. Abin da ya kamata a niƙe sai ya yi ta taruwa. Sauran jiki yana jurewa. Amma akwai wasu ƙwayoyi can cikin ƙwaƙwalwa, su ke samar da wani sinadari da ke sa motsi ya tafi sumul. Su ba su da juriya, sai su riƙa mutuwa kaɗan-kaɗan. Kwanan nan masu bincike suka fara gane wannan, ni ma a takarda na karanta. Ba ni da abin gwada jininku a nan in tabbatar."

Zulaihat ce ta yi tambayar da Sada ya kasa yi. Ta ce ita ma 'yar uwarsa ce, kuma suna da 'ya'ya uku.

Dakta Hamman ya ce, "Kun san sikila? Gadonsa iri ɗaya ne. Sai yaro ya ɗauko ta wajen uwa da ta wajen uba sannan ciwon zai bayyana. Malam yana da biyu. Ke ban sani ba ko kina ɗauke da ɗaya. In ba ki da shi, yaranku sun tsira. In kina da shi, kowane yaro rabi da rabi ne. Ba zan yi miki ƙarya in ce na sani ba."

Sada ya ji ɗakin ya yi masa ƙunci. Fuskokin yaran suka riƙa gilma masa ɗaya bayan ɗaya.

Likitan ya ci gaba da cewa akwai magani. Ba ya gyara mai ɗaura alamar, ba ya kuma tayar da ƙwayoyin da suka mutu, sinadarin da ya yi ƙaranci kawai yake mayarwa. Amma masu irin nasu sukan ji daɗinsa ƙwarai, kuma ciwon a hankali yake tafiya. Sai dai bayan wasu shekaru maganin kan jawo wata irin murɗewar jiki, don haka da kaɗan za a fara. Ya rubuta wa kowannensu rabin ƙwaya sau uku a rana, ya ce su dawo bayan sati biyu.

Safara'u ta fara sha a ranar. Sada ya sa nasa a aljihun gaba, ya kasa haɗiya. In ya sha bai yi aiki ba, shi ke nan babu sauran abin sa rai. In kuma ya yi aiki, to ya fara cin shekarun da likita ya ce ƙidayayyu ne. Kullum in ya tashi daga ofis sai ya zarce Ƙofar Durbi ya zauna gefen yayarsa yana nazarin hannunta. Rana ta farko babu komai sai tashin zuciya. Rana ta biyu ta yi amai, mahaifiyarsu ta ce a bar maganin nan haka, kada a ƙarasa mata yarinya. Sada ya roƙe ta ta ƙara haƙuri, alhali shi kansa bai yarda ba. Rana ta uku da ta huɗu duk ɗaya. Ya daina cin abincin kirki, ya riƙa yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Rana ta shida, bayan La'asar, ya yi sallama ya shiga, bai tarar da ita a kan tabarmarta ba. Ya ɗaga labulen ɗaki, babu kowa. Sai ya ji ƙarar ludayi daga madafa. Tana tsaye, da yamma, ta dafa bango da hannu ɗaya, ɗayan yana motsa miya. Mahaifiyarsu tana zaune a kan turmi ta rufe baki da mayafi, hawaye na bin yatsunta.

Safara'u ta juyo. Murmushin bai cika ba, gefe ɗaya ya fi ɗagawa, amma murmushi ne.

Ta ce, "Mi ka tsaya kallo? Miƙo mini gishiri, miyar Inna salam take."

Ya miƙa mata. Ya fita zaure ya zauna a dakali, ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun rasuwar mahaifinsu. Ba murna kaɗai ba ce. Shekara goma sha biyu ya riƙa lissafawa, da 'ya'yanta da suka girma a hannun wasu, da mutanen da suka ce ƙarya take yi, har da shi da ya guje ta. Da ya natsu ya nemi ruwa a moɗa ya haɗiye rabin ƙwayarsa.

Cikin kwana goma rubutunsa ya dawo kusan yadda yake. Duk da haka ya shiga ofishin Alhaji Babaji ya rufe ƙofa ya gaya masa komai, yana jiran a ce ya koma tsohuwar ma'aikatarsa. Alhaji Babaji ya saurara har ƙarshe.

Ya ce, "Tun watan azumi na lura, Malam Sada. Na ɗauka in kana son in sani za ka faɗa." Ya ce zai bar shi a zauren majalisa da safe, lokacin da maganin ke da ƙarfi, da rana kuma ya riƙa duba aikin sauran kafin a buga. "In abin ya canza, ka zo mu sake shawara. Kada ka ƙara ce mini biro."

Da suka koma asibiti, Dakta Hamman ya ga Safara'u ta shigo da ƙafarta, ya miƙe tsaye ya yi hamdala. Ya ce yana da abokin aiki a Turai da zai iya gwada jini in an aika masa, sai dai amsar tana iya ɗaukar shekara, tana kuma iya ƙin zuwa. Ya ɗebi na Sada da na Safara'u da na Zulaihat. Sannan ya tambaya ko suna da wasu 'yan uwa uwa ɗaya uba ɗaya.

Akwai autansu, Almu, mai shekara ashirin da takwas, yana gyaran agogo da rediyo a wata 'yar rumfa kusa da kasuwa. Sada ya yi kwana uku yana juya yadda zai tunkare shi. Da ya je, ya tarar da shi ya manna gilashi a ido yana ɗaukar wani ɗan mitsitsin ƙarfe da hantsaki. Suka gaisa, suka tambayi gida da aiki da jikin Yaya. Duk tsawon gaisuwar idon Sada na kan yatsun ƙaninsa.

Ya yi masa bayani yadda ya iya: furotin da ke lalacewa, da mai ɗaura alama, da injin niƙa, da gadon da ke zuwa ta wajen uwa da uba. Almu ya cire gilashin ya ajiye.

Ya ce, "In an gwada aka ce ina da shi, akwai abin da zai hana shi zuwa?"

"Babu."

"To mi zan yi da sanin, Yaya? In zauna ina gadin hannuna kamar yadda kake gadinsa yanzu? Tun da ka shigo ba ka kalli fuskata ba."

Sada ya ji kunya ya ɗauke ido.

Almu ya ce, "Ka gaya wa likitan na gode. In ya zo, na san ƙofar da zan buga, ba za a kai ni wurin masu turare ba. Wanga ya ishe ni."

Sada bai matsa masa ba. Ya zauna a bencin rumfar har aka kira Magariba, suka tafi masallaci tare.

Amsar jinin ba ta zo ba a waccan shekarar. Duk wata in Sada ya je karɓar magani sai ya tambaya, likitan ya girgiza kai. Safara'u ta koma gidan mijinta bayan Babbar Sallah, tana girki tana zuwa biki, ko da yake da yamma in maganin ya fara sakinta sai ta nemi wuri ta zauna. Sada ya ci gaba da aikinsa a majalisa. Wasu ranaku yakan manta da ciwon har Azahar. Wasu ranaku kuma, in ɗaya daga cikin yaran ya yi tuntuɓe a tsakar gida, sai shi da Zulaihat su dubi juna har yaron ya tashi ya karkaɗe jikinsa ya ruga waje.